Karabat Mai Zuba

Yayana ya yi shekara talatin da wani abu yana koyar da ƴaƴan mutane a lakwal, wato makarantar boko, kuma ban san ya tara wani abin da za a nuna wa baƙo ba sai tsummokaran wuya. Abokan aikinsa, wani ya tara shanu ya ba da kiwo, wani ya sayi garkar albasa a fadama, wani ya je Makka ya dawo da haƙori yana ƙyalli. Shi kuwa karabat ya tara, igiyar nan da ma'aikata ke shaƙe wuyansu da ita, wadda mutanen ƙetaren iyaka ke ce wa lakataye. Kusan guda arba'in na tarar a ɗakinsa ranar da na koma gidansa a Madawa.

Ba da son raina na koma ba. Mijina ya rasu a ƙauyenmu kusa da Karofan, ƴaƴana mata duk suna ɗakunansu, shi kuma yayana matarsa ta riga mu gidan gaskiya shekara guda kafin nan. Ya aiko cewa in zo in riƙe masa gida. Mu biyu muka rage a ɗakin uwarmu, shi ne babba ni ce auta, saboda haka na ɗaure kayana na hau mota.

Washegari na shiga ɗakinsa da tsintsiya. A jikin bango na ga wani dogon katako an jera masa ƙusoshi, an rufe da tsohon zane kamar labule. Na ɗauka takardun makaranta ne ko wani abin daraja. Da na yaye sai na ga tsummokara suna reto, kowane a ƙusarsa. Da a ce irin na sauran ma'aikata ne, baƙi ko shuɗi mai launi ɗaya, da na sake labulen na ci gaba da sharata. Waɗannan kuwa babu na ƙwarai ko ɗaya. Ja ya shiga kore, kore ya malala cikin rawaya, wani ya yi ta murɗewa kamar man ja a saman miya. Duk wadda ta taɓa haɗa farin zane da sabuwar atamfa a kwanon wanki ta san sunan wannan abin.

Ni kuwa na fi kowa sani. Shekara goma sha ina sayar da atamfa a cikin gida, kuma har ƙauyukan da ke kewaye da mu an san ba a yi mini wayo da zane mai zuba. In ɗan kasuwa ya shimfiɗa mini turmi, bakin zanen nake jiƙawa da yawu in goga a farin ƙyalle. In ƙyallen ya fito da launi, ko rantsuwa yake da me, sai ya naɗe kayansa. Mata kan kawo mini lefen ƴaƴansu in duba kafin a karɓa. Ba ni da lakwal, ba ni da shanu, amma wannan ido kam ina da shi, kuma ina taƙama da shi.

Da ya dawo cin abincin rana na tare shi da maganar.

"Yaya, wa yaw wanke maka waɗanga abubuwa na ɗaki? Duk sun zuba."

Ya ajiye cokali ya dube ni irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya kasa lissafi. "Ba zuba ba ta, Auta. Aikin hannu na."

Daga nan na jawo wa kaina darasi. Tuwo ya huce, shi yana bayani. Wai ana samun faffaɗan faranti a zuba ruwa mai kauri da yauƙi, sai a riƙa ɗiga launi a samansa, launin bai nutsewa. Sai mai aikin ya ɗauki tsinke ko mataji ya ja launukan yadda ransa ke so, sa'annan ya shimfiɗa ƙyallen alharini a kai sau ɗaya tak ya ɗaga. Abin da ya kama ya kama. Ko shi mai aikin, wai, ba zai iya sake yin irinsa ba har ya mutu. Wani Bature ne ya nuna masa haka tun yana sabon malami a Keita, Baturen yana cikin masu aikin dashen itatuwa da tare ruwa a duwatsu, kuma shi ya ba shi na farko da zai koma ƙasarsu.

Na ce, "To ai zubar ke nan. An zuba launi cikin ruwa, an jefa tsumma. Mu in ta same mu kuka mukai, su in ta same su sai su ɗinke su saida ma irinka."

Bai yi fushi ba, dariya ma ya yi. Abin da ya fi ba ni haushi da yayana ke nan, ba a samun faɗa da shi.

Sannu a hankali na gane girman ciwon. Ranar Lahadi, lokacin da magidanta ke zagaya gonakinsu, shi yana tsakar gida ya shimfiɗa tabarma a inuwa yana shanya karabat ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗe su da ɗan buroshi mai laushi, yana yi musu magana a ransa. In hutu ya zo sai ya hau tsohon babur ɗinsa ya bi kasuwanni, yau Bangi, jibi Sabon Gida, ba don hatsi ko akuya ba, don tulin gwanjo. Ƴan gwanjo duk sun san shi. Mushe mai zuba suke ce masa, Mushe ɗin na Faransanci da ake ce wa malaman lakwal, kuma shi yana amsawa. In sun kwance dila suka ga karabat da ya yi dabbare-dabbare, wanda ko kyauta ba mai ɗauka, sai su ajiye masa a gefe suna ƙyafta wa juna ido.

Sau ɗaya na yi kuskuren bin sa kasuwar Madawa, ban ƙara ba. Mutum da furfurarsa, shugaban makaranta guda, ya durƙusa a gaban tulin tsumma yana tono. Ya zaro wani ya miƙar da shi a rana, ya bi shi da ido tun daga sama har ƙasa, ya yar. Wai na inji ne, don zanen ya maimaita kansa sau uku. Ya zaro wani, ya juya bayansa, ya kai shi dab da hancinsa, sai na ga fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ya kira ni in zo in ga wani ɗan farin ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba. Wai nan iska ta maƙale tsakanin ƙyalle da ruwa, launi bai taɓa wurin ba, kuma wannan ita ce shaidar hannun mutum ne ya yi. Wato aibin ma shi yake nema. Na ja mayafina na yi gaba kamar ban san shi ba.

A ƙusar farko, can kusa da taga, akwai guda ɗaya da ban taɓa ganinsa a wuyansa ba. Kore ne shar, ja ya ratsa shi kamar an ja da farce, ga ruwan ɗorawa yana bin gefe. A idona ya fi duk sauran lalacewa. Wannan matarsa ce ta samo shi. Ta je Bangi gaishe da danginta, ta bi ta kasuwa, ta tsaya a tulin gwanjo ita kaɗai ta zaɓo shi da hannunta ta kawo masa. Ya ce a cikin duk waɗanda ya tara babu na biyunsa. Tun ranar ya yi mata alkawari ba zai sa shi ba sai ran da zai ajiye aiki, ta zauna a gaba ta gan shi. Allah bai nufa ba. Ina son matar nan, mutuniyar kirki ce, ta riƙe uwarmu har ƙarshe. Amma da ya ba ni labarin abin da na ce a raina shi ne, Allah sarki, har ita ya shafa wa.

Shekara biyu ina gidan sai ranar ta zo. Aka ce ƙarshen shekarar karatu za a yi masa bikin sallama a filin makaranta, manya za su zo, iyayen yara za su zo. Ni da kaina na aika ƙauye, mata suka ce mota guda za su cika. Su ne matan da na duba wa lefe, matan da suka sha jin bakina a kan zane mai zuba. Sai bayan na aika na tuna da abin da ke rataye a ƙusar farko. Na hango yayana tsaye a gaban jama'a da wannan tsumma a ƙirji, na hango matan nan suna taɓa juna da gwiwar hannu, sai na shiga neman dabara.

Na fara da lallashi. Na ce ya sa babbar riga da hula kamar kowane dattijo. Ya ce da karabat ya shiga aikin, da shi zai fita. Na ce to in sayo masa baƙi mai launi ɗaya. Ya ce, "Auta, wanda tas samo min, shi za ni sawa." Kullum da la'asar kuma yana zagaya tsakar gida da takarda yana bitar jawabinsa, da Faransanci sa'annan da Hausa don iyayen yara. Har na hardace wurin da zai ɗaga bakin karabat ɗin ya ce wa mutane su duba, matarsa ce ta zaɓa, ba ta yi lakwal ba amma idonta ya fi nasa.

Ban yi tunanin ɓoye shi ba, ban yi tunanin musanya shi ba. Abin mamaciya ne, ina da wannan kunyar. Abin da na yi tunani shi ne abin da kowace mace a ƙauyenmu za ta yi wa zanen da take so in ya zuba: a kai shi marina a rufe ɓarnar. Ƙyallen na nan, hannun da ya zaɓo shi na nan, launi ne kawai zai zama na mutane. Wallahi a lokacin gani nake alheri zan yi wa su biyun.

Ana saura kwana huɗu aka tura shi Buza tsaron jarrabawa. Ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba na yaye labule na zare abin na ƙunshe a bakin zane. Akwai wani tsohon marini a bayan kasuwa, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Ya karɓa ya warware, ya murza shi tsakanin yatsu, ya daɗe yana kallo.

"Baiwar Allah, wanga kamar da gangan anka yi shi."

Na ce a raina, ga wani kuma. "Malam, ni za ka hwaɗa ma zuba? Rina min shi, shi yi shuɗi mai duhu, kar in ga ko ɗigon ja."

Ya ce alharini ne, ba ya riƙe shuni da sauri. Sai an tsoma an shanya an ɗauraye, an sake, an sake, in ba shi mako guda. Na ce jibi nake so. Ya ce in an yi gaggawa ba ruwansa. Na ce na ji, ai ba yau na fara ganin rini ba.

Jibin na karɓo shi. Ya yi shuɗi har yana ɗaukar ido, ya ɗan murɗe ta wajen wutsiya, na zuba gawayi a dutsen guga na danne shi ya miƙe. Ni da ba na sayen ko ɗankwali sai na goga a farin ƙyalle, ranar ban goga ba. Aikina ne, me zan gwada? Na mayar da shi ƙusar farko na ja labule, na zauna jiran godiya.

Ya dawo ana gobe biki, bayan la'asar. Ya sha ruwa, ya yi wanka, ya shiga ɗaki. Ina tankaɗen gari na ji ya yaye labule. Ya daɗe a ciki har na ajiye rariya. Sai ga shi ya fito da abin a tafin hannu biyu.

"Auta, ina wanda ke ƙusar hwarko?"

"Shi na a hannunka, Yaya. Na kai an gyara maka shi."

Bai dube ni ba. Ya taka zuwa inda rana ta rage a jikin katanga, ya miƙar da karabat ɗin, ya karkata shi nan, ya karkata shi can, ya kai shi dab da idonsa. Na san abin da yake nema. Marinin ya yi aikin da na sa shi, babu ko ɗigo. Ya daɗe a tsaye, sa'annan ya ce, "Sannu da aiki," ya koma ɗaki. Tuwon da na kai masa haka na ɗauko shi. Na gaya wa kaina gajiyar hanya ce, amma tsoro ya riga ya kama ni.

Da safe ya fito cikin farar riga ƙal da kwat, ga shuɗin karabat a wuya. Guda arba'in na rataye a ɗaki, kowane da launinsa. A karo na farko a rayuwata na ji ina so ya sa ɗaya daga cikinsu.

"Yaya, ko ka canza wani?"

"Na yi alkawali, Auta. Mu tahi."

Zafin ranar ba na wasa ba ne. Hadari ya haɗu ta gabas ya ƙi sauka, iska ta tsaya cak, ko ganyen dogon yaro ba ya motsi. Aka zaunar da manya a rumfa, mu mata a tabarmi ta gefe. Masu jawabi suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa sai ya gaishe da duk mai kujera da muƙaminsa kafin ya faɗi abin da na gabansa ya riga ya faɗa. Wani da bai taɓa gaishe da yayana a hanya ba ya kusa yin kuka a kan rabuwa da shi. Matan ƙauyenmu ba sa jin Faransanci, sai suka koma kallon tufafin mutane. Wata sa'ata da muka yi aure shekara ɗaya, tana zaune kusa da ni, ta ce abin wuyan yayana ya fi na kowa kyau, launi guda, na dattawa. Na gyara zama. Tsoron jiya ya sake ni, har na fara tunanin yadda zan ba su labari a hanya.

Rana ta take tsaka aka kira shi. Gumi ya riga ya jiƙa shi, sai ya tuɓe kwat ya rataya a kujera ya fito fili da takardarsa. Ni na fara gani, don idona ne sana'ata. Wani ɗan shuɗi a bakin wuyan rigar, kamar inuwa. Na ce inuwa ce. Kafin ya gama Faransancin inuwar ta zagaye wuya, ta fara gangarowa ƙirji ta gefen karabat biyu, layi-layi, tana bin gumi. Shi bai sani ba, abin yana ƙarƙashin haɓarsa. Yara na gaba suka fara rufe baki.

Sa'ar tawa ta matso kunnena. "Ke, abin wuyan yayanki zuba shikai. Ba ki duba mai ba?"

Na mayar da idona kan yayana. Ya juya Hausa, ni kuwa na san kowace kalma da ke tafe. Na roƙi Allah ya tsallake wurin. Bai tsallake ba. Ya gode wa iyayen yara, ya gode wa abokan aiki, sa'annan ya kama bakin karabat ɗin ya ɗaga.

"Ku dubi wanga. Mai ɗakina, Allah shi jiƙanta, ita taz zaɓa min shi da hannunta. Ba ta yi lakwal ba, amma idonta ya hi nawa."

Jama'a suka ce amin, kuma kowa ya duba kamar yadda ya ce. Da ya saki abin sai ya ga yatsunsa. Ya dubi yatsun, ya sunkuya ya dubi ƙirjinsa. Sa'annan ya goge hannun a bayan takarda ya karanta sauran har ƙarshe. Aka tafa masa.

A tabarmarmu kuwa magana ta riga ta zagaya. Wata ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, ashe ba ta san kaya ba." Wata ta ce ƴan gwanjo ba su da tsoron Allah, sun samu marar wayo. Sa'ata ta dafa gwiwata ta ce, "Da ke ce kinka saya, da haka ba ta hwaru ba." Duka suka juyo suna jiran in sa baki, don ni ce mai hukunci a kan zuba. Kalma huɗu kawai ake bukata: ni na kai marina. Ina jin su a bakina. Na dubi matan nan da suka yi shekaru suna kawo mini lefe, na gyara mayafi, na ce, "Allah dai shi jiƙanta."

Na tsani masu jawabin ranar, na tsani ƴan gwanjo, na raina marini, na raina yayana shekara biyu cur. Babu ɗayansu da ya yi abin da na yi a kan tabarmar nan.

Da baƙi suka watse ya kira ni ƙofar ɗaki. Ya riga ya kwance karabat ɗin ya shanya a bayan kujera. Wuyansa shuɗi har bayan kunne. Ya miƙo mini rigar a ninke, tabon a sama.

"Auta, wagga ita ta zuba. Dube ta da kyau."

Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, daga ranar har yau. Na wanke rigar sau biyar, da sabulu, da toka, da lemun tsami, shuɗin ya dushe amma bai fita ba. Na kai masa ina ba shi haƙuri a kan riga. Ya ce riga ba komai ba ce.

Yanzu yana da lokaci, kowace rana hutu ce, babur ɗin ma lafiyarsa lau. Ƴan gwanjo sun aiko sau biyu cewa sun ajiye wa Mushe kaya. Bai je ba. Ranar Lahadi yakan fito da tabarma ya kaɗe guda arba'in, na ƙusar farko kuwa ba ya sauke shi. Na ƙirga su jiya da nake shara, arba'in da ɗaya ne, yadda suke ranar bikin. A ƙauyenmu kuma, in mace ta sayo zane ya zuba, har yau matar yayana ake tunawa.